Ajayil

ajayil (suna, namiji, daga Turanci). Tsarin haɗa manhajar kwamfuta kaɗan-kaɗan: 'yar tawaga ta yi aikin kamar mako biyu, ta nuna wa mai aikin, ya gwada ya faɗi gyara, sannan a ci gaba. Masana 17 suka fitar da sanarwarsa a Snowbird, Amurka, a Fabrairun 2001, ƙa'idoji 12 suka biyo baya. Sun fifita manhajar da ke aiki a kan tulin takardu, da yarda da sauyi ko an yi nisa, wanda shi ne mai wuyar haɗiyewa. Misali: "Alhaji, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ajayil suke haɗa mini manhajar lissafin shagona na Kurfi, suna kawowa ina gwadawa."