Sabon Zangon Ankara: Tarihin Wata Unguwa da Darajar Gidajenta

Gabatarwa

A yamma da tsakiyar Accra, babban birnin ƙasar Gana, akwai wata unguwa da ake kira Sabon Zango. Sunanta na nuna sabuwa ce, alhali kuwa ta haura shekara 100 da kafuwa, kuma tana cikin tsofaffin matsugunan Musulmi a birnin. Hausawan Gana suna kiran wannan birni Ankara, suna kiran 'yan asalinsa, wato ƙabilar Ga, Ankarawa. Sunan ya yi kusa da Nkran, yadda mutanen Akan ke kiran wurin, kuma ba shi da wata alaƙa da Ankara ta ƙasar Turkiyya. Da shi za a ci gaba da kiran birnin a nan.

Lokacin da aka kafa Sabon Zango, a bayan gari take, tsakanin gonaki da sunƙuru. A yau birni ya kewaye ta ta kowace kusurwa. Tarihinta yana nuna yadda ma'aunin darajar gida ya sauya a cikin ƙarni guda: da farko yawan jama'ar da gida ke ɗauke da su, daga baya yawan ɗakunan haya, a yau kuma filin da ginin ke tsaye a kansa.

Daga Zangon Fatake Zuwa Unguwa

A Hausa, zango shi ne wurin da ayari ke yada kaya ya kwana, kuma ana kiran tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki da wannan suna. Fataken goro da suka riƙa bin hanyar Gwanja daga Kano da Katsina su ne suka kai kalmar ƙasar da ake kira Gana a yau. A can ta zama "zongo" a bakin mutane, ma'anarta kuma ta faɗaɗa ta koma unguwar baƙi, musamman Musulmi.

Abubuwa da dama suka karkato da Hausawa zuwa bakin teku a ƙarshen ƙarni na 19. A yaƙin da Ingilishi suka yi da Asante a 1873 zuwa 1874, Kyaftin John Glover ya zo da mayaƙan da ake kira Hausawa daga Legas, wasunsu kuma ba su koma ba. A 1877 Turawa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast suka mai da ita Ankara. A 1892 yaƙin basasa ya wargaza Salaga, babbar kasuwar goro, fatakenta suka watsu. Goro ya sami sabuwar hanya, ana loda shi a jirgin ruwa zuwa Legas. Inda ciniki ya nufa, nan fatake da mahauta da malamai suka bi.

Cikin malaman da suka sauka Ankara a wannan zamani akwai Malam Idrisu Naino, mutumin Katsina. A 1881 ya sami fili daga hannun sarakunan Ga, ya kafa matsugunin da aka sani da Zangon Malam, kusa da tsakiyar gari. Shi ne limamin jama'a har rasuwarsa a 1893.

Malam Baƙo da Kafuwar Sabon Zango

Bayan rasuwar Malam Naino, kan Musulmin Ankara ya rabu. Hausawa da Yarbawa da Fulani da sauran ƙabilu suka shiga jayayya a kan limanci da shugabancin jama'a. A gefe guda akwai ɗansa, Malam Muhammadu Baƙo. A ɗaya gefen akwai Alhaji Braimah, attajirin Bayarabe mai faɗa a ji a wajen Turawa. Zo mu zauna, in ji Hausawa, zo mu saɓa. Ga kuma cunkoso, domin tsohon zango ya cika ya batse.

A 1908 annoba ta faɗa wa Ankara. Gwamnatin mulkin mallaka ta rushe gidaje a cunkusassun unguwanni, ta buɗe sababbin matsugunai a wajen gari, irin su Korle Gonno da Adabraka, wadda ake danganta sunanta da kalmar "albarka" da ake ji a bakin 'yan kasuwa Hausawa. A cikin wannan yanayi na fita daga tsohon gari Malam Baƙo ya nemi fili daga sarakunan Ga na ɓangaren James Town, a ƙetaren tafkin Korle. A farkon shekarun 1910 ya tashi da iyalinsa da mabiyansa ya koma can. Tun da akwai tsohon zango, sai aka kira wannan Sabon Zango.

Malam Baƙo ya shata hanyoyi, ya gina gidansa da masallaci, ya yanka filaye ya raba wa 'yan'uwa da abokai da almajirai. Abin lura a nan shi ne tsarin mallaka. A al'adar Ga, ƙasa ta kujerar sarauta ce ko ta dangi, baƙo kuwa izinin zama ake ba shi. Sarakunan Ga suka ba Malam Baƙo, shi kuma ya ba jama'arsa. Wanda ya karɓi fili ya karɓi alhakin biyayya tare da shi: zai kai gaisuwa, zai kai ƙara fada, zai tsaya wa unguwa idan wani abu ya taso. Sarautar unguwar ta ci gaba da zama a zuriyar Malam Baƙo bayansa.

Gidan Farko da Abin da Ke Ba Shi Daraja

Gidajen farko sun bi fasalin gidan Bahaushe gwargwadon hali. Akwai zaure a bakin hanya, inda maigida ke karɓar baƙi, yara kuma ke karatun allo. Daga nan sai tsakar gida, inda mata ke girki da wanki da sana'o'insu ba tare da idon namiji baƙo ya kai gare su ba. Ɗakuna suna kewaye da tsakar gidan, an gina su da ƙasa, an rufa da kwano.

A wancan lokaci fili yana da yawa, mutane ne ke da ƙaranci. Saboda haka girman maigida yana ga yawan waɗanda ke ƙarƙashin inuwarsa. Baƙon da ya sauka da goro ko shanu yana buƙatar ɗakin kwana, da wurin ajiyar kaya, da dillali, da wanda zai tsaya masa idan ya sayar bashi. Maigida ne ke samar da duk waɗannan, ya sami la'adarsa, ya sami suna. Ɗakin da aka ba baƙo kyauta yakan jawo ribar da ta fi kuɗin haya. Kalmar "maigida" da kanta ta ɗauki ma'ana biyu a zangunan Afirka ta Yamma, wato mai mallakar gini da kuma uban ɗakin fatake.

Birni Ya Cim ma Unguwa

Ankara ta bunƙasa da sauri bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman bayan samun 'yancin kai a 1957. A ƙidayar 1960 mutanen birnin sun haura 300,000, a ƙidayar 2021 kuwa yankin Babbar Ankara ya haura mutum miliyan 5. Gonakin da suka kewaye Sabon Zango suka zama unguwanni, irin su Laterbiokorshie da Mataheko da Abossey Okai, inda babbar kasuwar kayan gyaran mota take. Kasuwar Kaneshie da asibitin Korle Bu, wanda aka buɗe a 1923, duk ba su da nisa. Wurin da aka zaɓa domin nisansa da gari ya wayi gari yana cikin wuraren da suka fi kusa da aiki da kasuwa.

Daga nan ɗaki ya zama haja. Masu gidaje suka shiga ƙara ɗakuna a duk inda aka sami sarari. Tsakar gida ta tsuke, zauruka da yawa suka koma shaguna ko ɗakunan haya, wasu lunguna suka ƙuntata har mutum biyu ba sa iya jerawa. 'Yan haya kuma ba Hausawa kaɗai ba ne: akwai Yarbawa da Zabarmawa da Kotokoli da Dagomba da Mosi, akwai kuma Kiristoci daga cikin Akan da Ewe da Ga. Masaniyar halayyar al'umma Deborah Pellow ta yi shekaru tana nazarin unguwar, kuma littafin da ta fitar a 2002 ya ginu ne a kan wannan dangantaka ta masu gida da 'yan haya.

Abubuwa biyu daga ɓangaren hukuma sun taɓa gidajen zango ƙwarai. Na farko shi ne umarnin korar baƙi da gwamnatin Kofi Busia ta bayar a watan Nuwamba na 1969, wanda ya ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubban mutane suka tashi daga zangunan Gana, cikinsu har da waɗanda a can aka haife su. Wasu suka sayar da kadarorinsu a wulaƙance, wasu suka bar wa maƙwabta amana. Waɗanda suka rage sun fahimci cewa daɗewa a wuri ba ta wadatar idan babu takarda.

Na biyu shi ne dokokin haya. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata 6 a gaba, a shekarun 1980 kuma gwamnatin soja ta Jerry Rawlings ta ƙayyade kuɗin hayar ɗaki a daidai lokacin da darajar sidi ke zubewa. Abin da ɗaki ke kawowa ya kasa sayen siminti da kwano, gyara ya tsaya. Da aka sassauta, masu gidaje a Ankara suka koma neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da abin da doka ta ce, domin da shi suke gyara ko ƙara gini.

Gidan Gado

Babban abin da ke riƙe da gidajen Sabon Zango, kuma yake daure su, shi ne gado. Ana raba shi bisa shari'ar Musulunci, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Tun da ba a son sayar da gidan uba, sai a raba shi ɗaki-ɗaki. A ɗauki misalin gida mai ɗaki 12 da mamaci ya bar wa 'ya'ya maza 4 da mata 4, bayan an fitar da haƙƙin sauran magada: kowane namiji zai sami ɗaki biyu, kowace mace ɗaki ɗaya. Idan ɗaya daga cikin mazan ya rasu ya bar 'ya'ya 6, ɗakunansa biyu ba za su rabu ba, sai dai a raba kuɗin hayarsu. Kafin a kai ga tattaɓa-kunne, gida ɗaya yana da masu shi da yawa, wasu a Kumasi, wasu a Legas ko Kano, wasu a Turai da Amurka.

Sakamakon wannan yana da fuska biyu. Sayar da irin wannan gida yana da wuya, domin sai kowa ya yarda. Gyaransa ma yana da wuya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kowa kuma nasa ɗakin yake toshewa, ya bar magudanar ruwa da makewayi da katanga ba mai kula. Shi ya sa ake ganin tsohon gini a kan fili mai tsada, a birnin da ake yi wa gidajen unguwanni irin su East Legon da Cantonments kuɗi da dalar Amurka. Amma wannan wuyar sayarwa ita ce ta hana unguwar tarwatsewa. Bazawara da marayu da tsoho wanda ƙarfinsa ya ƙare suna da ɗakin da ba mai korarsu daga ciki, kuma jikokin waɗanda suka zo da Malam Baƙo suna nan a inda kakanninsu suka sauka.

Halin Unguwa

Wanda ya shiga Sabon Zango zai gane ta da kunne kafin ido. Kiran salla yana tashi daga masallatai da yawa a lokaci guda, karatun yara yana fitowa daga makarantun allo da na Islamiyya, ciniki da gaisuwa kuma da Hausa ake yin su, ko da masu maganar ba Hausawa ba ne. Hausar tana da nata kamanni. Masu magana da yawa ba sa bambanta jinsin namiji da na mace, sukan ce "ya zo" ko mace ake nufi, kuma baƙaƙe masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ sukan koma b da d da k. Ana kuma cakuɗa ta da kalmomin Twi da Ga da Ingilishi.

Abincin zango ya fita daga zango ya zama na ƙasa baki ɗaya. Koko da ƙosai su ne karin kumallon ma'aikata da yawa a Ankara, tuwon zafi ya shiga gidajen abinci, shinkafa da wake kuwa ita ce "waakye" da Ganawa ke alfahari da ita, sunan ma daga "wake" ya samo asali. Mata ne ke riƙe da yawancin wannan sana'a, a tsakar gida ake dafawa, a ƙofar gida ake sayarwa. Biki da suna da jana'iza a kan titi ake yin su, a kafa rumfa a jera kujeru, maƙwabci kuma ba ya jiran gayyata. Waɗannan abubuwa ba sa shiga lissafin dillalin gidaje, amma su ne ke sa wanda ya yi arziki ya gina gida a wata unguwa ya riƙa dawowa sallar Juma'a da zaman hira a ƙofar gidansu.

Kammalawa

A 2017 gwamnatin Gana ta kafa asusu na musamman domin raya zanguna, abin da ke nuna hukuma ta amince cewa waɗannan unguwanni sun daɗe suna ƙarancin magudanun ruwa da hanyoyi da makarantu. Sai dai makomar Sabon Zango ta fi rataya a kan shawarar da magada za su yanke a cikin gidajensu. Idan suka sayar, za su sami kuɗin da kakanninsu ba su taɓa mafarkinsa ba, su kuma watsu zuwa bayan gari, inda za su zama baƙi karo na biyu. Idan suka riƙe ba tare da gyara ba, ginin zai ci gaba da lalacewa a kansu. Hanya ta uku ita ce dangi su haɗa kai su yi wa gida takarda, su sake gina shi sama, su bar zaure da tsakar gida a inda suke. Wannan yana buƙatar abin da Malam Baƙo ya fara da shi tun fili bai da tsada, wato jama'ar da ta yarda ta zauna wuri ɗaya ta kuma ji maganar juna.