Tayar tsohuwar Peugeot 504: lambobin da za a duba kafin a biya kuɗi

Duk wanda ya san tashoshin motocinmu ya san Peugeot 504. Ta tsufa, amma har yau akwai gidajen da ita ce ke kai mara lafiya asibitin Galmi cikin dare, ita ce ke ɗauko ƴan kasuwa ranar Laraba zuwa Ƙonni. Masu irin wannan mota, da masu aiko kuɗin gyaranta, sukan tambaya: wace taya za a saya? Amsarmu a taƙaice ita ce a fara duba girma, sannan nauyin da tayar ke ɗauka, sannan shekarar da aka yi ta. Sunan kamfani shi ne na huɗu.

Motar da muke magana a kai

An fito da 504 a Faransa a 1968. A 1969 aka yi mata ƙanwa mai ƙofa biyu, ta ƴan gayu da masu tsere, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana. 504 ta ci gasar tseren Safari ta Kenya a 1975, mai ƙofa biyun kuma ta ci a 1978. Mu dai wadda muka sani ita ce mai ƙofa huɗu, da doguwar da ke ɗaukar fasinja, da a-kori-kura. Da yawansu daga Kaduna suka zo, inda masana'antar Peugeot ta fara aiki a 1975 kuma ta ci gaba da haɗa 504 har 2006. A Turai yanzu motar ajiya ce ta masu sha'awa. A nan kuwa motar neman abinci ce, shi ya sa batun tayarta ba wasa ba ne.

Yadda ake karanta girman taya

A gefen kowace taya akwai rubutu irin wannan: 175/80 R14 88T. Lambar farko, 175, faɗin tayar ne da milimita. Ta biyu, 80, tana nufin tsawon gefen tayar kashi 80 cikin 100 ne na faɗinta. Harafin R na nufin radiyal, wato irin saƙar da Michelin ya ƙirƙiro a 1946 wadda kusan duk ƙananan motoci ke amfani da ita yau. Lamba 14 kuwa girman rim ne da inci. A tsofaffin tayoyi za ku ga 175 R14 kawai babu lambar tsakiya, to wannan kusan daidai take da 80.

504 mai ƙofa huɗu da 175 R14 ta fito, doguwar kuma da 185 R14. A-kori-kura da sauran tsofaffin motoci, a duba takardar mota ko a tambayi tsohon makanike.

Ga inda ake yawan yin kuskure. Mai taya zai ce maka: “Alhaji, duk sha huɗu ce, za ta shiga.” Gaskiya ne za ta shiga rim, amma ba tsayinsu ɗaya ba. Taya 175/80 R14 tsayinta wajen milimita 636 ne. Ita 185/65 R14, wadda ta cika kasuwa saboda ƙananan motocin zamani, wajen 596 ce. Idan ka sa ta, cikin motarka ya sauko ƙasa da santimita 2. A kan gudron na babbar hanya ba za ka ji ba, amma ranar da ka sauka cikin rairayi ko ka zo tsallaka ƙorama da damina a kwarin Maggiya, a nan za ka gane. Agogon gudu ma zai riƙa nuna fiye da abin da kake yi, injin kuma ya riƙa juyi da yawa. Idan ba a samu ta asali ba, 195/70 R14 mai tsayin wajen 629 ta fi kusa, muddin faɗin rim ya yarda kuma ba ta gogar jikin mota idan an karya kan sitiyari.

Nauyi da gudu

Lambar ƙarshe, 88, ita ce ta nauyi. 88 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 560, 91 kilo 615, 95 kilo 690, 102 kuma kilo 850. Harafin da ke biye na gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210. Mu a nan lambar nauyi ta fi damunmu, domin mun san yadda ake loda mota: fasinja a ciki, buhunan albasa ko hatsi a baya, awaki a sama. Mai irin wannan aiki ya nemi taya mai harafin C, kamar 185 R14C 102/100, wadda aka yi don motocin kaya. Gefenta ya fi kauri, ta fi jure rami da dutse, sai dai motar za ta ɗan ƙara tauri a kan hanya. Kada a taɓa sa taya mai lambar nauyi ƙasa da wadda motar ta zo da ita.

Shekarar haihuwar taya

Taya na tsufa ko da ba ta taɓa hawa hanya ba, zafi kuma yana gaggauta tsufanta. A watannin Afrilu da Mayu zafinmu na wuce digiri 40 a inuwa, balle a kan gudron tsakanin Tsarnawa da Galmi da tsakar rana. A nemi inda aka rubuta DOT a gefen taya, a duba lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobi uku ne kawai, an yi tayar kafin 2000, a bar ta inda take. Michelin da kansa yana ba da shawarar a riƙa kai taya wurin masani kowace shekara idan ta kai biyar, a cire ta idan ta kai goma ko da zanenta na da kyau. Har da safaya.

Sabuwa ko ta hannu

Galibinmu tayar hannu muke saye saboda aljihu, kuma ba za mu ce kowa na da halin sabuwa ba. Amma wanda zai saye ta ya duba abu biyar. Shekararta. Zanenta, wanda bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba, akwai ƴan ƙananan tuddai cikin ramin zanen, idan sun yi daidai da sama, tayar ta ƙare. Gefenta, ko akwai tsagewa ko kumburi. Cikinta, ko an yi faci a gefe, domin facin gefe ba ya riƙo. Sai alamar dutse mai kai uku da hoton ƙanƙara a ciki: wannan tayar sanyin Turai ce, robarta mai laushi ce, a zafinmu da wuri take cinyewa. A kuma yi hattara da tayar da ta yi sanƙo aka sake yanka mata zane da wuƙa.

Batun kamfani

Dattawa na tuna lokacin da Michelin da Dunlop ke yin taya a Najeriya. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina a Legas a 2008. Yau abin da ke shigo mana ta Yamai ko ta Sakkwato da Illelar Najeriya daga nesa yake zuwa. Akwai manya masu tsada: Michelin na Faransa, Bridgestone na Japan, Continental na Jamus, Goodyear na Amurka. Akwai matsakaita kamar Hankook da Kumho na Koriya da Maxxis na Taiwan. Akwai masu sauƙi na Sin kamar Triangle, Linglong da Westlake. Mai son motarsa ta yi kama da ranar da ta fito, Michelin na ci gaba da yin tsohon samfurinsa XAS don masu ajiye motocin tarihi, amma wannan na sha'awa ne, ba na lodi ba. Ra'ayinmu: sabuwar taya ta matsakaicin kamfani, mai girma da nauyi daidai, ta fi tayar babban kamfani mai shekara goma sha biyu.

Bayan an saya

A auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya. Wasu ma'aunan da bar suke, wasu da psi. Bar 1 daidai yake da psi 14.5, bar 2 ke nan psi 29. Kada a rage iska don taya ta yi zafi a hanya, ƙarancin iska shi ke ƙara mata zafi har ta fashe. Tayoyi biyu na gaba su zama iri ɗaya, na baya ma haka. Idan biyu kawai aka iya saye, a sa sababbin a baya, domin bayan mota idan ya kuɓuce direba ba ya da abin yi. Tsohon rim mai tsatsa ko lanƙwasa yana zubar da iska, a gyara shi tukuna.

Ga ƴan uwa na Abijan, Legas, Aljeriya, Libiya da Turai masu aiko kuɗin taya: ku ce a ɗauki hoton gefen tsohuwar a turo maku ta WhatsApp, sannan a turo na wadda za a saya, har da lambar DOT. Ku ne kuka yi gumin kuɗin, iyayenku da ƴaƴanku ne za su hau. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.