Diyya, Sulhu da Kukan Zalunci a Yammacin Zamfara

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, wanda aka cuta yakan nemi haƙƙinsa ne tun da can ta hanyar sulhu a gaban dattawa, ko diyya a gaban alƙali, ko kuma ya kai kuka fada idan wanda ya cuce shi ya fi ƙarfin alƙali. Sulhu ya fi sauran tsufa, kuma shi ne ya fi yawan aiki, domin mafi yawan rigingimun ƙauye ba su kai na jini ba. Shanu su shiga gona kafin a kwashe amfani, ko maƙwabci ya ci iyaka, ko bashin hatsi ya kwana biyu ba a biya ba. Irin wannan magana takan mutu a zauren mai gari. Idan ɓarnar dabbobi ce, sai a tura Sarkin Noma da wakilin Arɗo su je su gani da idonsu, su ƙiyasta dami nawa aka yi hasara, mai shanu ya biya. Fiƙihun Malikiyya ma ya shigo da ƙa'idarsa a nan: ɓarnar da dabbobi suka yi da dare tana wuyan mai su, amma da rana mai gona ne ya kamata ya tsare gonarsa.

Diyya kuwa daga littafi ta zo. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda almajiran ƙasar Hausa ke karantawa a zaure, ta ƙayyade diyyar rai da raƙuma 100 ga masu raƙuma, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Idan kisan kuskure ne, ba wanda ya yi kisan ke ɗaukar nauyin shi kaɗai ba. Danginsa na wajen uba ne ke haɗawa, a biya cikin shekara uku. Idan da gangan ne, magana tana hannun magadan mamaci: ko su nemi ƙisasi, ko su yafe, ko a daidaita a kan dukiya. Ko sun yafe, mazhabar Malik ta ce a yi wa mai kisan bulala 100 a tsare shi shekara guda. Kisan gilla ne kaɗai ba ya karɓar afuwa, wato a yaudari mutum a kashe shi don dukiyarsa, domin wannan laifi ne ga jama'a baki ɗaya. Inda babu cikakkun shaidu amma akwai alama mai ƙarfi, dangin mamaci kan yi rantsuwa 50. Tushen tsarin duka shi ne jini haƙƙin dangi ne kafin ya zama na hukuma.  

Tsakanin abin da littafi ya ce da abin da fada ke yi akwai tazara. Bayan Gobirawa, ƙarƙashin Sarki Babari, sun ci Birnin Zamfara wajen 1762, gidan sarautar Zamfarawa ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, sai bayan jihadi ya zauna a Anka. A cikin wannan zamani na rashin tabbas ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, daga wajen 1786. A littafinsa Kitabul Farƙi ya jera abubuwan da yake zargin sarakunan Haɓe da su, har da sunayensu na Hausa: gaisuwa da ake kai wa masu mulki, kuɗin gari, jangali, da kwashe dukiyar mamaci da sunan gado. Ya kuma soki yadda ake karɓar dukiyar mai laifi maimakon a tsayar masa da hukunci. Bambancin tara da diyya ke nan. Diyya tana zuwa gidan da aka yi wa rashi, tara kuwa aljihun sarki take shiga, wanda aka cuta ya koma gida hannu rabbana.

Saboda haka shugabannin jihadi suka ba da muhimmanci ga abin da littattafansu ke kira raddul mazalim, wato mayar da abin da aka ƙwace da zalunci. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayaninsa a Diya'ul Hukkam, wanda ya rubuta a Kano wajen 1806. Zaman raddul mazalim na sarki ne da kansa ko wakilinsa, kuma an tanade shi ne don ƙarar da ake yi da masu iko: hakimin da ya ƙwace gona, ko bafaden da ya kama jakin talaka. Mai sauraron irin wannan ƙara yana da sararin bincike da matsa lamba fiye da alƙali. Yadda abin ya gudana a aikace ya danganta da halin sarkin da ke kai, kuma talakan da ke can cikin dajin Anka sai ya yi tafiyar kwanaki kafin kukansa ya isa Sakkwato.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ba su rushe kotunan alƙalai ba. Sun jera su daraja-daraja, sun hana yanke hannu, sun kuma ce ba za a zartar da hukuncin kisa ba sai Gwamna ya sa hannu. Anka da Gummi da Bukkuyum suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, manyan shari'o'in jini kuma suna tafiya can. Saɓanin da ke tsakanin Shari'a da dokar Turawa ya fito fili a 1947, a shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu. Kotun sarki ta yanke wa Tsofo Gubba hukuncin kisa, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke, don a dokar Turawa wanda aka tunzura har ya yi kisa ba a kashe shi. Gardamar da ta biyo baya ita ta kai ga dokar laifuka ta Final Kod (Penal Code), wadda ta fara aiki a 1960. Daga nan kisan kai ya zama ƙarar gwamnati, magada suka koma 'yan kallo ko shaidu. Mutumin Gummi ne, Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1967, a kotun da aikinta ya fi karkata ga aure da gado da wasiyya. A 1967 gwamnatin soja ta fito da dokar kotunan yanki, aka karɓe shari'a daga hannun sarakuna.

A waɗannan shekaru ne ma'anar diyya ta yi faɗi a bakin jama'a. Ta tashi daga kuɗin jini kaɗai ta koma duk abin da hukuma ke biya idan hanya ta bi ta gonar mutum ko an rushe masa gida. Tsohuwar ma'anar ta dawo cikin doka bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, dokar ta fara aiki a Janairun 2000, ƙisasi da diyya suka koma kan ma'aunin fiƙihu. Dinari 1,000 ya haura kilo huɗu na zinariya, abin da manomin ƙauye da danginsa ba za su iya haɗawa ba, shi ya sa magana takan koma ga afuwa da sasanci.

Zinariyar ce kuma ta kawo cutar da tsohon tsari bai tanadar mata komai ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Tungar Daji, Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega. Ana kawo duwatsun ma'adinai cikin gida ana niƙawa, ƙurar ta shiga jikin yara, aƙalla 400 suka rasu. Babu wanda za a kira gaban alƙali, tun da sau da yawa uban yaron ne ya ɗauko dutsen don neman abinci. Gyaran da aka yi na ƙasa ne da jini: aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, likitocin ƙungiyar MSF suka yi wa yara magani. Bagega sai a 2013 aikin ya kai gare ta.

Sulhu ma ya sauya fuska. Da shari'ar ɓarnar gona ta zama hanyar tatsar makiyayi, burtali da mashaya suka shige cikin gonaki, satar shanu ta yi yawa, sai kowane ɓangare ya koma ɗaukar fansa da hannunsa, 'yan sa-kai a nan, 'yan bindiga a can. A 2019 Gwamna Bello Matawalle ya yi sulhu da shugabannin 'yan bindiga, aka saki waɗanda ake tsare da su, aka miƙa wasu makamai, amma zaman bai ɗore ba. Gwamna Dauda Lawal, wanda ya hau a 2023, ya ce ba zai yi irin wannan sulhu ba. A ƙauyuka da dama mutanen gari da kansu ke ƙulla nasu, kuma a cikinsa wanda aka cuta ne ke tara kuɗi ya biya, don a bar shi ya yi noma ko ya kwashe abin da ya shuka.