Tarihin binciken sankarar bakin mahaifa, daga Verona zuwa Yamai

1. Gabatarwa

Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, a shekara ta 2022 mata wajen 660.000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa, wajen 350.000 kuma suka mutu da ita, fiye da kashi 90 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashe marasa ƙarfi. Alhali kuwa wannan ciwo yana cikin ƴan ƙalilan na jinsinsa da aka san sanadinsu, aka kuma san hanyar tare su. A cikin wannan ƙasida za mu bi sawun binciken da ya kai ga wannan sani. Mu masu nazarin harshe ne, don haka abin da ya fi jan hankalinmu shi ne cewa sau da yawa aikin ba ya gusawa sai an raba wani abu da ake kira da suna ɗaya, an ba kowane ɓangare nasa sunan. Za mu ga kuma cewa Hausar da ake yi wa mata bayani da ita ba ta gama yin wannan rabo ba tukuna.

2. Mahaifa da bakinta

An saba fara wannan tarihi da wani likitan Italiya, Domenico Rigoni-Stern. A shekara ta 1842 ya fitar da sakamakon nazarin da ya yi wa rajistar mace-mace ta birnin Verona, daga 1760 zuwa 1839. Ya lura cewa sankarar nono ta fi kama matan da ba su taɓa aure ba, har da mata masu zaman ibada na coci, ita kuwa sankarar mahaifa ta fi yawa ga matan aure da waɗanda mazansu suka mutu. Daga nan marubuta suka riƙa karɓa daga hannun juna cewa wai ya tabbatar masu zaman ibada ba sa kamuwa da ciwon, karuwai ne ke kamuwa. Sai a 1991 wani likitan Ingila, Malcolm Griffiths, ya koma ga ainihin rubutun, ya nuna ba haka mutumin ya faɗa ba. Wannan darasi ne ga ɗalibanmu masu ɗauko magana daga littafin da shi ma ɗaukowa ya yi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, rajistar Verona ba ta bambanta bakin mahaifa da jikinta ba. “Mahaifa” kawai aka rubuta. Yau mun san ciwo biyu ne dabam. Na jikin mahaifa ya fi zuwa bayan ɗaukewar haila, yana da alaƙa da ƙiba da rashin haihuwa, kuma yakan tona kansa da wuri ta zubar jini. Na bakin mahaifa yana iya kama mace tana shekara 35 ko 45, tana tsakiyar renon ƴaƴa. Akwai na uku, na ƙwan mace, wanda ya fi su ɓuya: wani babban gwaji da aka yi a Ingila kan mata wajen 200.000, wanda sakamakonsa na ƙarshe ya fito a 2021, bai nuna cewa awon gano shi da wuri yana rage mutuwa ba. Faransanci yana cewa col da corps. Mu kuwa, a rediyo da wurin wa'azin lafiya, “sankarar mahaifa” muke cewa mu wuce, ga shi kalmar “mahaifa” kanta tana ɗauke da ma'anar garin da aka haifi mutum.

Game da magani ba za mu tsawaita ba. A 1898 Ernst Wertheim ya yi a Viyana tiyatar da ake cire mahaifa da naman da ke kewaye da ita. A shekarar ce kuma Marie da Pierre Curie suka gano radiyom a Paris, wanda daga baya aka riƙa sa shi kusa da ciwon don ya ƙone shi. A 1999 gwaje-gwaje suka nuna cewa haɗa gashin ciwo da maganin cisplatine yana ƙara yawan masu tsira. Duk waɗannan hanyoyi suna jiran ciwo ya bayyana ne.

3. Abin da ke zuwa kafin ciwo

Babban juyi ya faru tsakanin 1925 da 1943. A 1925 Hans Hinselmann ya ƙera a Jamus madubi mai ƙara girma na duba bakin mahaifa, daga baya ya lura cewa in an shafa ruwan binegar, wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari. (Shi wannan likita an ɗaure shi a 1946 saboda hannunsa cikin kashe wa mata ƴan ƙabilar Roma haihuwa da ƙarfi a zamanin Hitler, ba ma jin ya kamata a ambaci madubin a ɓoye wannan.) A 1928 Walter Schiller ya kawo awo da ruwan ayodin: lafiyayyen nama yana rinewa, wanda ya ɓaci ba ya karɓar launi.

Hanyar da ta fi shahara ita ce ta kankaro ƴan ƙwayoyin jiki daga bakin mahaifa a shafa a gilashi a duba da madubin likita. Mutum biyu suka kawo ta kusan lokaci ɗaya. Aurel Babeş ya gabatar da tasa a Bukares a 1927, ya buga ta da Faransanci a La Presse Médicale a 1928. Georges Papanicolaou, mutumin Girka mai aiki a jami'ar Cornell ta Amurka, ya gabatar da tasa a watan Janairu na 1928, ba wanda ya kula. Matarsa ce ta yi shekaru tana ba da jikinta ana awon. Sai da ya fitar da littafi tare da Herbert Traut a 1943 sannan likitoci suka karɓa. Masu Ingilishi sun laƙa wa awon guntun sunansa, masu Faransanci suna cewa frottis, sunan Babeş kuwa sai a ƙasarsu.

To, a nan ne matsalar suna ta taso. Madubi ya nuna ƙwayoyin da ba lafiyayyu ba ne, amma ba su kutsa cikin nama ba, macen kuma ba ta jin komai. Me za a kira wannan? A 1932 Albert Broders ya ce carcinome in situ, watau sankara mai zaune wurinta. A 1953 aka kawo dysplasie. A ƙarshen shekarun 1960 Ralph Richart ya jera abin hawa uku na tsani guda, a 1988 taron Bethesda ya mai da shi hawa biyu, ƙarami da babba. Kowane suna yana ɗauke da hukunci: in ka ce sankara ce, sai a cire mahaifa, in ka ce ba ita ba ce, sai a sallami mace ta koma gida.

Ba gardamar malamai ba ce kawai. A birnin Auckland na Niyu Zilan, wani likita mai suna Herbert Green bai yarda cewa sankara mai zaune wurinta tana tashi ba. Daga 1966 ya riƙa bin matan da aka samu da ita ba tare da yi musu cikakken magani ba, ba tare kuma da an gaya musu gwaji ake yi ba. A 1987 wasu mata biyu, Sandra Coney da Phillida Bunkle, suka tona maganar a wata mujalla, aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Silvia Cartwright, rahoton ya fito a 1988. Da aka sake duba takardun a 2008, an ga cewa wajen kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka bari sun kamu da sankara ta sosai cikin shekara 30, alhali cikin waɗanda aka yi wa magani ba a kai kashi 1 ba. Da rayukan waɗannan mata aka auna tsawon hanyar da ke tsakanin alama da ciwo.

4. Ƙwayar cuta da ciwo

Tun ƙarni na 19 ana zargin cewa saduwa tana da hannu. An tuhumi tunjere, an tuhumi rashin kaciyar maza, a shekarun 1960 da 1970 kuma yawancin masu bincike sun tsaya kan birus ɗin herpès. Harald zur Hausen, Bajamushe, ya nemi sawun wannan birus cikin naman ciwon bai samu ba, sai ya juya ga dangin papillomavirus, masu sa tsiro a fata, waɗanda ba a ɗauke su bakin komai ba. A 1983 shi da ɗalibansa suka ware nau'i na 16, a 1984 na 18. Cibiyar CIRC ta Liyon, inda Nubia Muñoz ƴar Kolombiya ta jagoranci bincike a ƙasashe da dama, ta sa nau'in biyu cikin masu haddasa sankara a 1995. A 1999 aka samu birus ɗin cikin kashi 99,7 na samfuran da aka tattaro daga duniya. Zur Hausen ya karɓi kyautar Nobel a 2008. Allurar rigakafi ta farko ta fito a 2006, bisa aikin da Ian Frazer da Jian Zhou suka fara a Ostareliya a 1991 da na wasu cibiyoyin Amurka. Ruwanda ta fara yi wa ƴan mata a duk faɗin ƙasa a 2011, Najeriya a watan Oktoba na 2023.

Amma kamuwa da birus ba ciwo ba ne. Yawancin maza da mata suna haɗuwa da shi a rayuwarsu, kuma kusan tara cikin goma jiki ne ke kawar da shi cikin shekara biyu. Wanda ya liƙe ne yake ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama sankara, ko 5 zuwa 10 in garkuwar jiki ta yi rauni, kamar ga mai ɗauke da ƙwayar sida. Mace mai miji ɗaya tak tana iya samunsa. Muna nanata wannan saboda in malamar asibiti ta fassara sakamakon da “ciwon sanyi”, ko ta ce “cutar da ake ɗauka wurin kwanciya” ta yi shiru, matar da mijinta ba awo za su ji ba, tuhuma za su ji.

5. Yamai cikin wannan tarihi

Awon gilashi ya rage mutuwa sosai a Turai da Amurka, amma yana bukatar ɗakin bincike, ƙwararren mai dubawa, da hanyar kiran mace ta dawo bayan makonni. Shi ya sa a shekarun 1990 aka koma ga binegar ɗin Hinselmann, ba tare da madubinsa ba: a shafa, a jira minti ɗaya, a duba da ido da fitila. Sakamakon gwajin Zimbabuwe ya fito a 1999. A 2004 cibiyar CIRC ta buga na wani bincike kan mata fiye da 50.000 a Indiya, Burkina Faso, Kwango, Gine, Mali da Nijar; matan Yamai suna cikin waɗanda aka auna hanyar da su. Kafin nan, tun 1992, an buɗe rajistar sankara a sashen koyon aikin likita na jami'ar Yamai. A 2009 gwajin Osmanabad na Indiya, kan mata wajen 130.000, ya nuna cewa awon birus ɗin kansa, ko sau ɗaya a rayuwa, ya rage mutuwa da kusan rabi. Kan waɗannan ne OMS ta gina shirinta na 2020: kafin 2030 a yi wa kashi 90 na ƴan mata rigakafi kafin su cika shekara 15, a auna kashi 70 na mata a shekara 35 da 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani.

Awon ido yana da kuskure, yakan ga fari inda babu komai. Amfaninsa shi ne ana iya daskarar da wurin ko a ƙone shi nan take, cikin ƴan mintoci, mahaifa tana nan, haihuwa tana nan. Sai dai kafin a taɓa mace dole a gaya mata abin da aka gani, kuma kalmomin da ke hannunmu guda uku ne: “ciwon daji”, “sankara”, da “kansar” na aro. Duka ukun, a kunnen mai sauraro, suna nufin gyambon da ya riga ya ci jiki, wanda ba ya jin magani. In an ce mata “farkon sankara”, an faɗi abin da ba haka ba ne, an kuma tsorata ta. In an ce “ɗan tabo ne”, ba za ta ga dalilin tsayawa ba. Mu a ganinmu a bar neman kalma ɗaya mai fassara lésion précancéreuse, a koma ga jimla: “wurin ya fara sauyawa, ba sankara ba ce, amma in an bar shi shekaru yana iya zama ita.” Ya kamata a gwada irin wannan jimla da ungozomomi a Maraɗi, Tawa da Damagaram, don karin harshe ya bambanta, a ji yadda matan ke maimaita ta in sun fito.

Wadda ta wuce wannan mataki, sai tiyata ko gashi. Cibiyar gashin sankara ta farko ta gwamnati a Nijar an buɗe ta a Yamai a 2021. Daga Damagaram zuwa can kusan kilomita 900 ne, maganin kuma yana ɗaukar makonni biyar zuwa bakwai, ban da kuɗin mota da masauki da abincin mai jinya.