Jita, Zango da Akwatin Kwaikwayo

Amfilifayar jita irin ta da ba kayan mutum ɗaya ba ce. Fender Twin Reverb tana kusa da kilo 30, haka ma Vox AC30. Akwatin Marshall mai lasifika huɗu kuwa sai ƙarti biyu sun kama. Yau duk waɗannan muryoyi sun shige cikin wata 'yar na'ura da yaro zai jefa a jaka ya hau tirotiro daga Maamobi zuwa Osu. Ni ina kiranta akwatin kwaikwayo, domin aikinta ke nan, ta kwaikwayi muryar amfilifaya ta hanyar lissafin kwamfuta. A Turai da Amurka an shafe fiye da shekara ashirin ana gardama a kan ko kwaikwayon ya kai na ainihi. Mu 'yan Zango ba mu da hannu a wannan gardama, don ba mu gaji amfilifayar ba balle mu yi kewarta. Tambayarmu daban ce: me ya raba matasanmu da jita, kuma me wannan akwati zai iya mayar mana?

Sai mun fara sanin aikin amfilifaya kafin a fahimci zancen. Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da murya, ɗan siginar wuta take fitarwa. Amfilifaya ce ke ƙara masa ƙarfi, kuma a wajen ƙarawar take sa masa nata launi. Tsofaffin na amfani da wasu kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila, ana kiransu bawul. Idan aka matsa musu lamba sai sautin ya yi kauri, ya ɗan shaƙe, irin shaƙewar da kunne ke so. Leo Fender ya kafa kamfaninsa a Kalifoniya a 1946, Vox ta fito da AC30 a ƙarshen shekarun 1950, Jim Marshall kuma ya fara ƙera tasa a Landan a 1962. Yawancin sautin jitar da duniya ta sani daga waɗannan gidaje uku ya fito.

Gana ba baƙuwar jita ba ce. Tun a 1928 ƙungiyar Kumasi Trio ta je Landan ta naɗi Yaa Amponsah a faifan Zonophone, kuma har gobe salon kaɗa tsirkiyar wannan waƙa shi ne karatun farko na mai koyon hailaif. A shekarun 1950 E.K. Nyame ya haɗa kiɗan jita da wasan kwaikwayo na yawo gari-gari. Nana Ampadu ya kafa African Brothers a 1963. Ranar 6 ga Maris 1971 aka yi gagarumin wasan Soul to Soul a dandalin Black Star, inda mutanen Accra, wadda kakanninmu ke kira Ankara, suka ga Santana da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner ido da ido. A wannan zamani otal-otal da barikin soja da na 'yan sanda da wasu kamfanonin gwamnati duk suna da ƙungiyoyin makaɗansu.

Nima kuwa ta taso ne a gefen wannan duniya. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya sami fili daga iyalan Odoi Kwao na Osu, ya zauna da mutanensa da shanunsa. Bayan yaƙin duniya na biyu unguwar ta cika da baƙi daga arewacin Gana da Najeriya da Nijar da Mali da Togo da ƙasar Mosi, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Kiɗan da suka zo da shi na suna ne da aure da naɗin sarauta: kalangu, ganga, goge, algaita. Daga baya kaset ya kawo Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos cikin ɗakuna da shaguna. Duk da haka matashin Nima na shekarun 1970 yana jin hailaif a rediyo kamar kowa, kuma gidajen rawa na cikin gari ba su yi masa nisa ba. Da al'amura sun ci gaba a haka, da jita ta sami gindin zama a Zango kamar yadda ƙwallon ƙafa ya samu.

Abin da ya katse hanyar siyasa ce da tattalin arziki. Tun ƙarshen shekarun 1970 kuɗin ƙasa ya lalace, kamfanonin buga faifai suka durƙushe. Bayan juyin mulkin Jerry Rawlings na 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fitar dare, ta kai har 1984. Makaɗi da dare yake ci, wanda ya hana shi dare ya hana shi tuwo. Sannan aka lissafa kayan kiɗa cikin kayan alatu, aka lafta musu haraji mai nauyi a bakin ruwa. Masanin tarihin kiɗan Gana, John Collins, ya yi rubutu da yawa a kan yadda waɗannan abubuwa suka kashe ƙungiyoyin makaɗa. Wasu suka tsallaka Legas da Abijan, wasu suka nufi Jamus, inda irin su George Darko suka ƙirƙiro hailaif na boga da injin ganga da fiyano na lantarki. A gida kuma masu yawo da manyan lasifikoki da kaset suka karɓe bukukuwa, domin hayar mutum biyu ta fi ta mutum goma sauƙi.

Wuri ɗaya ne jita ta sami mafaka: coci. Majami'u ba sa biyan irin wancan haraji, suna da kayan kiɗa, suna da wasa kowane mako. Nan ne makarantar makaɗan Gana ta koma, kuma yawancin gwanayen jita da ganga da ake ji a yau daga can suka fito. A ganina wannan shi ne mabuɗin tarihinmu. Akwai Kiristoci da yawa a Nima da Maamobi, amma mafi yawan yaranmu Musulmi ne, ba ta wannan ƙofa suke shiga ba. Yaron da ke da kunnen kiɗa ba shi da inda zai taɓa jita kyauta, ba shi da kuɗin saye, ga iyaye da ke ganin kiɗa aikin maroƙa ne. Abin da ya rage masa shi ne bakinsa.

Da bakin kuwa aka yi abin a zo a gani. Lokacin da Reggie Rockstone ya buɗe ƙofar hiflaif a shekarun 1990, matasan Nima na cikin sahun farko. Ƙungiyar VIP ta fito daga lungunanmu tana waƙa da Hausa da Tuwi da Turancin titi, faifansu Ahomka Womu na 2003 ya karaɗe Afirka ta Yamma, suka kwashe kyaututtuka a gasar mawaƙan Gana ta 2004. Wasan da suka riƙa shiryawa a Nima lokacin Sallah ya zama al'ada. Amma a lura da kayan aikin wannan zamani: makirfo, fiyano, kwamfuta mai manhajar FruityLoops. Mun yi tsalle daga kalangu zuwa kwamfuta, muka haye jita da amfilifayarta gaba ɗaya.

A daidai waɗannan shekaru, can ƙetare, wasu injiniyoyi na fama da nauyin amfilifaya. Tom Scholz ya ƙera Rockman a 1982 don a yi kiɗa da abin sawa a kunne, kamfanin Tech 21 ya fito da SansAmp a 1989, duka biyun ba da lissafin kwamfuta suke aiki ba. Roland ta kawo VG-8 a 1995. A 1998 Line 6 ta fitar da POD, wani jan akwati mai siffar ƙwayar wake, shi ne ya kai wannan fasaha ɗakunan talakawan makaɗa. Sai manhajoji suka biyo: AmpliTube a 2002, Guitar Rig a 2004. Axe-Fx na kamfanin Fractal ya zo a 2006, Kemper na Jamus a 2011, Helix a 2015. A Disamba 2013 ƙungiyar Metallica ta yi wasa a yankin ƙanƙara na Antatika ba tare da amfilifaya mai ƙara ba, masu sauraro da abin kunne suka ji, don kada a dami halittun wurin. Daga nan manyan makaɗa da yawa suka daina jin kunyar barin tulin akwatuna a gida.

Hanya biyu ake bi wajen kwaikwayon. Ta farko, injiniya ya buɗe amfilifaya ya auna kowane ɓangare nata, ya rubuta lissafin yadda wuta ke bi ta ciki, kwamfuta ta riƙa maimaita lissafin sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Ta biyu, wadda Kemper ya shahara da ita, ba a buɗe komai. Ana tura wasu sautukan gwaji cikin amfilifayar, a sa makirfo a saurari abin da ya fito, na'urar ta gwada shiga da fita har ta koyi halin abin. Kamar almajiri ne da ya zauna gaban malami har ya ɗauke ƙira'arsa. Quad Cortex na ƙasar Finland da manhajar Neural Amp Modeler ta Steven Atkinson, wadda kyauta ce ga kowa, suna yin wannan koyo da ƙirƙirarriyar basira.

Duk wanda ya san gidajen haya na Nima zai gane amfanin wannan a take. Amfilifayar bawul ba ta ba da muryarta mai daɗi sai an ƙure ta, a gidan da iyali goma ke raba tsakar gida ɗaya, ga masallaci a bayan katanga. Da akwatin kwaikwayo yaro zai sa abin kunne ya yi atisaye har asuba ba wanda ya ji. Wutarmu 230 ce, amfilifayar da ɗan uwa ya aiko daga Amurka ta 120 ce, mantuwa ɗaya ta ishe ta ƙonewa. Wanda ya ga dumso na 2012 zuwa 2016 ya san abin da ɗaukewa da kawowar wuta ke yi wa kayan lantarki, alhali wasu ƙananan akwatunan Zoom da batir huɗu suke aiki. Bawul kuma a ƙasashe kaɗan ake ƙera shi, irin su Rasha da Sulobakiya da Sin, shi ya sa ya yi wuya ko a Turai bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren a 2022. A dandalin Sallah ma, waya ɗaya daga akwatin zuwa mikisa ta wadatar. Manyan na'urorin sun haura dala 1,000, gaskiya ne, amma wanda ke da kwamfuta a situdiyo ɗan abin haɗa jita da ita kawai yake buƙata.

'Yan uwanmu na gabas sun riga sun nuna cewa kayan aro na iya yin magana da harshen gida. A Kano, fiyanon Yamaha ne ya ɗauki waƙoƙin finafinan Hausa da muke saurare a nan. A Sakkwato Mdou Moctar, ɗan Abzinawan Nijar, ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da salon gyaran murya na situdiyon Hausa. Waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya, yau kuma ana lissafa shi cikin gwanayen jita na duniya. A Yamai, Tal National na kaɗa jita suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek. A nan Accra ma jita ta farfaɗo, ƙungiyar Santrofi ta sa wa faifanta na 2020 suna Alewa, kalmar da ba ta buƙatar fassara a Zango.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Buɗe kowane akwatin kwaikwayo ka duba jerin muryoyin da ke ciki: Fender, Marshall, Vox, Mesa. Tarihin wasu ne aka adana, kuma yawancin saitin da ya zo da shi an yi shi ne don kiɗan rok mai ruri. Hailaif kuwa sauti mai tsabta yake so, wanda za a ji kowace tsirkiya daban. Yaron da ya kunna ya ɗauki saitin farko zai fito da muryar da dubban yara ke fitarwa daga Brazil zuwa Indonesiya. Na'urar ba ta koya wa yatsa komai. Inda aka rasa malamin jita shekara arba'in, akwati ba zai zama malami ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Amma hanyar koyon nan ta biyu ba ta tambayar sunan kamfani. Abin da aka sa mata a gaba shi take ɗauka. Tsohuwar amfilifayar da ta yi yawon wasa daga Kumasi zuwa Tamale, wadda mai gyaran rediyo ya yi wa ɗori har muryarta ta zama tata ita kaɗai, ana iya ɗaukar halinta cikin ƙasa da awa ɗaya a ajiye, a raba wa kowa. Haka ƙaramar lasifikar da mai goge ko mai gurmi ke jona kayansa a wajen biki. Irin waɗannan kaya suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, masu su kuma suna tsufa.

Don haka kirana ga masu situdiyo na Nima da Maamobi da Fadama da Sabon Zango guda biyu ne. Ku nemi tsofaffin makaɗan hailaif da ke raye, ku ɗauki muryar kayansu, ku rubuta sunan mai kayan a jikin fayil ɗin. Sannan ku ajiye jita ɗaya a kusurwar situdiyo, a jone da kwamfuta, ku bar yaran unguwa su taɓa ta ba tare da sun biya ba. Abin da coci ya yi wa maƙwabtanmu a shekarun 1980 bai wuce haka ba: kayan kiɗa a buɗe, da babba a kusa mai gyara wa yaro yatsa.