Daga Motar Kara Zuwa Motar Roba

Abin da ya sa na ɗauko wannan tarihi, ranar Juma'ar da ta wuce jikana ya zo shago yana kuka, wai batirin motarsa 'yar Caina ya mutu. Na ce masa je ka samo kara mu yi wata. Ya tsaya yana kallona kamar na yi masa Karekare.

Iyayenmu da suka zo nan Nangere fatauci daga ƙasashen Kano, Haɗeja da Katagum sun zo da motar kara a hannunsu, domin duk inda ake noman dawa akwai ta. Bayan girbi sai a fere ɓawon kara, a yanka totuwarsa gunduwa-gunduwa, a riƙa soka ɓawon a cikinta har a tayar da kai da bodi. Ƙayar aduwa ce ƙusa. Ba ta tafiya da kanta, da zare ake ja, injin kuma bakin mai ita ne.

Abin da ya canza sana'ar shi ne titi. Potiskum mahaɗa ce: hanyar Kano ta Azare da hanyar Jos ta Bauchi nan suke gamuwa su nufi Maiduguri. Duk Laraba manyan motoci na cika kasuwar shanu suna lodi zuwa Kudu. Mu da muka tashi a ƙarshen shekarun 1970, lokacin muna jihar Borno, tun kafin a yanke Yobe a 1991, a bakin titin nan muka yi karatun mota. Marsandi 911 mai bodin katako ita ce sarauniya. Fijo 504, wadda ake haɗawa a Kaduna a kamfanin da ya fara aiki a 1975, ita ce ta masu son gayu. Yaro zai tsuguna ya ƙare wa mota kallo, ya ƙirga tayoyi, ya koma gida ya fitar da ita har da tsanin kwandasta.

Kayan aikin ma titin ne ya kawo su: gwangwanin madara, langa-langar da ake ɗaure dilar atamfa, marfin kwalbar lemo, tsohon silifas da ake yankawa ya zama taya. Uwa uba, tsohon tiyub na wajen masu faci. Da shi muke danƙon harbin tsuntsu, da shi kuma motar ta samu inji.

Ga yadda ake yi. A yanko roba siririya, a ɗaura baki ɗaya a gaban mota, ɗayan a jikin sandar tayoyin baya. Sai a ja motar da baya a ƙasa, robar tana nannaɗewa a sandar tana miƙewa. Da ka saki, robar na neman komawa yadda take, sai ta juya sandar, mota ta zabura. Amma akwai sharuɗɗa. Dole tayoyin baya su kama sandar gam, ita kuma sandar ta yi sako-sako a raminta. In mota ta cika nauyi ba za ta motsa ba, in ta cika rashin nauyi taya ta yi ta juyi a wuri ɗaya tana watsa rairayi. Shi ya sa muke ɗora ɗan dutse a baya. Babu wanda ya karanta mana wannan a allo, faɗuwa ce ta koya mana.

Daga baya na gane wasan ba namu kaɗai ba ne. Robar ɗaure kuɗin nan, wani Bature Stephen Perry ne ya yi rajistarta a Landan a 1845. A 1871 Alphonse Pénaud ya tayar da ɗan jirgin wasa mai murɗaɗɗiyar roba a birnin Faris, ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa tsarabar abin wasa irin wannan mai tashi sama. Su ne Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi a jirgi mai inji a 1903. Ita kanta taya mai iska, likitan dabbobi John Dunlop ya yi wa keken ɗansa ne, ya yi rajistarta a 1888. Ka ga kenan robar daga wasan yaro ta fito, ta zaga duniya, ta dawo hannun yaro a bolar mai faci.

Na sha bulala a Islamiyya saboda mota, ba na musu. Amma don makara ne. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa cewa haramun ba ce, tunda ba siffar abu mai rai ba ce. Ya kan karɓe ta ya ajiye, in ka kawo hadda ya mayar maka.

Cikin abokan wasanmu, waɗanda suka fi hannu yau su ne masu walda, kanikawa da masu ƙera bodin mota a Potiskum. Da reza da gwangwani suka fara. Yanzu motar Caina ta zo a kwali daga Kano, kuma ni ma ina cikin masu sayar da ita, wallahi tana da riba, musamman da Sallah. Sai dai yaron da aka saya wa bai san abin da ke juya tayar ba, in ta tsaya sai bola.

Jikan nawa dai mun zauna bayan la'asar da kara, marafan kwalba huɗu da guntun tiyub. Motar ta yi taku uku ta karkace ta faɗa kwata. Ya ciro ta, ya jujjuya, ya ce min ramin tayar hagu ba a tsakiya yake ba. Gobe zai sake hudawa.