Fim ɗin 'yan fashin Texas da gardamar da ya tayar a majalisarmu ta Wurno

Rubutun yau yana da tsawo, a yi mini haƙuri. Wanda yake cikin hidima ya ajiye shi sai dare.

Sallar da ta wuce a gida Wurno na yi ta. Washegari bayan isha'i muna zaune ƙofar gidan wani yayanmu, sai ƙanena da ke karatu a Sakkwato ya fito da kwamfuta, ya ce yau fim zai nuna mana, shi zai riƙa fassarawa. Mun kai mu goma sha biyu. Akwai samari abokansa, akwai abokina malamin firamare ɗan ƙasar Rabah, akwai maƙwabcinmu Bafillace da muka tashi tare, sai wani dattijo direba da ya daɗe yana jigilar albasa daga Goronyo, wanda duk muke ce wa Baba.

Sunan fim ɗin Hell or High Water, wato kamar ka ce ko ta halin ƙaƙa. A 2016 ya fito. David Mackenzie ne ya ba da umarni, Taylor Sheridan ya rubuta labarin, kuma an sa shi takarar Oscar a rukuni 4. Labarin wa da ƙane ne a yammacin Texas. Uwarsu ta rasu ta bar gona da bashin banki a kanta, kusan dala dubu 40, ga shi an gano mai a ƙarƙashin gonar, bankin kuma yana jiran wa'adi ya cika ya ƙwace. Sai ƙanen, Toby, ya shirya da wansa Tanner, tsohon ɗan gidan yari, su riƙa fashi a rassan wannan bankin, su wanke kuɗin a gidan caca, su biya bankin da kuɗinsa. Jami'an tsaro biyu suna bin sawunsu: tsoho Marcus da ke dab da ritaya, da abokin aikinsa Alberto, jinin 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. A ƙarshe Toby ya biya bashin, ya sa gonar da sunan 'ya'yansa, doka ba ta kama shi ba. Mutum huɗu sun mutu a hanya, har da wan nasa.

Ana gamawa samarin nan suka ɗau tafi. Ɗaya ya ce: "Wallahi wanga namiji na! Banki yac ci uwassu, su ko sunka ci banki. An yi kunnen doki."

Abokina ɗan Rabah bai yi tafi ba. Ya ce wa ƙanena ya mayar da fim ɗin baya, wurin fashi na ƙarshe. Da aka mayar ya sa yatsa a kan allon ya ce: "To ku gaya min, mai gadin ga da anka harbe, mi as sunanai? Ɗiya nawa garai? Wancan da yaz zo aje kuɗɗinai fa?" Ba wanda ya amsa, don fim ɗin bai faɗa ba. Ya ce: "Mu ke nan. Mu na waɗanda ba a hwaɗin sunansu."

Shi kuwa maƙwabcinmu, wurin da ya tsaya masa daban ne: inda mutanen gari suka fito da bindigoginsu, suka cika motoci suka bi 'yan fashin. Samarin sun ji daɗin wurin, sun ce ga 'yan sa-kan Amurka. Shi ya ce gabansa ne ya faɗi, don ya san da a nan ne, rugar da ta fi kusa za a fara afka wa. An kore shanun mahaifinsa shekarun baya, ba ko ɗaya da ta dawo, amma har yau idan zai shiga kasuwar da ba a san shi ba sai ya yi tunani sau biyu.

Baba direba ya bari kowa ya gama, sannan ya ce: "Ku yara, mu mun yi ma kaboyi tahi tun ba a haihe ku ba. Doki na anka musanya da mashin." Wannan maganar ce ta sa da na koma na zauna na bi tarihin abin, ga kuma abin da na tattaro.

Kallon fim ya shigo Arewa ta ƙofa biyu. Ta farko majigi, motar gwamnatin Turawa da ke zagaya garuruwa tana haska finafinan tsafta da noma da biyan haraji a ƙofar fada. Ta biyu gidajen sinima na 'yan kasuwa, irin Rex da aka buɗe a Kano a 1937, inda ake nuna finafinan Amurka da Ingila kafin na Indiya su mamaye wurin. A nan iyayenmu suka haɗu da kaboyi: malafa, doki, bindiga a ƙugu. Ba sai ka ji Turanci ba, ka san jarumi ka san mugu, kuma idan jarumi ya harbo mugu daga kan doki gidan gaba ɗaya zai ɗau ihu.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu tambayar inda wannan ihun zai kai mu. A 1966 Moustapha Alassane ya yi wani gajeren fim mai suna Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa kayan, suka canja sunaye, suka hau dawaki, suka daina ganin kowa da gashi, suka hana ƙauyensu sakat. A wancan lokacin abin dariya ne. Wanda ya kalle shi yau daga gabashin Sakkwato dariyar ba za ta yi nisa ba.

Ita kanta Amurka ta daɗe tana wanke ɗan fashi da sabulun labari. Jesse James, wanda ya fi kowa suna a cikinsu, bankuna da jiragen ƙasa yake tarewa bayan yaƙin basasarsu. Wani ɗan jarida, John Newman Edwards, shi ya dinga rubuta shi a matsayin gwarzon da zalunci ya tura daji. Masana tarihi sun bincika ba su sami shaidar cewa ya taɓa raba wa talakawa abin da ya sato ba. A 1876 ƙungiyarsa ta shiga garin Northfield, suka kashe ma'aikacin banki Joseph Lee Heywood saboda ya ƙi buɗe ma'ajiyar kuɗi, suka kashe wani baƙo ɗan Suwidin a bakin titi. A 1882 yaronsa Robert Ford ya harbe shi. Duk da haka a 1939 Hollywood ta yi fim da sunansa, ta ba shi kyakkyawar fuska da dalili mai ban tausayi. Heywood kuwa sai mai bin littattafai ya san shi. Tambayar abokina ɗan Rabah ke nan, shekara fiye da 140 kafin ya yi ta.

Mu dawo gida. Yankinmu ma bakin daga ne tun asali, kuma wannan ba labarin fim ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno ne a matsayin ribaɗi, garin tsaron iyaka, saboda hare-haren da ke zuwa daga gabas da arewa. A nan ya zauna, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Rabah, inda aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, gari ne na zuriyarsa: kakan Sardauna shi ne Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Bello. Dajin Gundumi da muke jin sunansa a labarai yau, tun wancan zamanin matafiya ke tsoronsa. Da Clapperton zai zo Sakkwato a 1824, sai da Bello ya aika mahaya suka rako shi. Barth ya ratsa shi a 1853 da tafiyar sa'a 26 ba zango, kafin ya iso ga Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya kuma zauna a Wurno.

Abin lura shi ne yadda Bello ya fahimci tsaro. Bai tsaya ga ganuwa da dakaru ba. Ya zaunar da makiyaya a garuruwa, ya ƙarfafa musu noma da karatu, ya jawo masu sana'a, ya naɗa alƙalai da limamai. Ya gane cewa dajin da babu hukuma, babu makaranta, babu wurin kai ƙara, wani zai zo ya zama hukumarsa. Bayan 'yanci ma gwamnatin Arewa ta yi dokar wuraren kiwo a 1965. Ku tambayi dattawanku abin da ya rage na burtali da mashaya a garinku, da wanda ya cinye su.

Don haka idan samarinmu suka ce akwai zalunci a gindin wannan fitina, ban ƙaryata su ba. An cinye burtali, an yi wa makiyayi tarar da ta fi ƙarfin laifinsa, an kore shanun mutane ba a bi musu haƙƙi ba, an kashe wasu don kamanninsu kawai. Maƙwabcinmu shaida ne. Amma a nan kamar ta ƙare. Toby na cikin fim banki ya nufa, bankin da ya ci uwarsa. Namu wa suka nufa?

A watan Yulin 2018 aka afka wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye a gundumar Gandi ta Rabah, aka kashe fiye da mutum 30, dubbai suka gudo Gandi suka cika makaranta. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, muka koma aika saƙo ta hannun direbobi. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin Tambuwal ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Kwanaki kaɗan kafin nan 'yan sa-kai sun kashe Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa, kuma rahotannin lokacin sun alaƙanta abubuwan biyu. A Disambar shekarar aka ƙone matafiya a cikin mota a ƙasar Sabon Birni. A cikin duk waɗannan mamatan, nawa ne suka cinye burtali? Nawa ne alƙalai? Masu tallar ƙuli-ƙuli ne, da masu awon gero, da manoman albasa da tafarnuwa, da makiyayan da suka zo sayar da akuya. Wanda ke sa wa ƙauye harajin miliyoyi kafin a bar shi ya yi shuka, shi ne ya zama bankin cikin fim ɗin, har ya fi shi, don banki ba ya ɗauke matar mutum.

Baba direba yana Goronyo ranar kasuwar nan. Bai ba mu labarin ba, mu ma ba mu tambaya ba. Abin da kawai ya ce, tun daga ranar idan ya ji an fasa buhun leda da ƙarfi sai ya sami kansa a duƙe.

Hukumomi sun gwada maganin abin ta hanyar hana kallo. A 2021 hukumar tace finafinai ta Kano ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2022, bayan Trust TV da BBC sun fitar da shirye-shiryensu kan 'yan bindiga, hukumar NBC ta ci tarar wasu kafafe naira miliyan 5 kowace, bisa zargin kambama ta'addanci. Na fahimci tsoron, amma ban ga ya yi aiki ba. A daidai wannan lokacin waƙar yabon Bello Turji tana yawo a wayoyi, yau kuma 'yan bindiga da kansu ke hawa TikTok suna baje kuɗi, yaranmu suna bin su. Ba za ka hana yaro kallo ba. Abin da za ka iya shi ne ka zauna kusa da shi, ka yi masa irin tambayar da abokina ya yi.

Kuma a yi wa fim ɗin adalci, shi ma bai sallami Toby haka nan ba. A fitowa ta ƙarshe tsoho Marcus ya je har gida ya tsaya gabansa, ya tuna masa cewa mutum huɗu sun mutu saboda shirinsa, cikinsu har da Alberto mai mata da 'ya'ya. Samarinmu sun fara tafi kafin a zo nan, ƙanena ma bai fassara wurin da kyau ba, sai da muka sa ya sake. Da aka sake, wanda ya ce an yi kunnen doki ya yi shiru, can ya ce: "Ashe bai ci bulus ba."

Roƙona ga 'yan Kannywood da marubutanmu na Sakkwato: idan za ku ba da labarin wannan zamanin, kuma dole wata rana a ba da shi, ku fara daga rumfar mai albasa a Goronyo, daga ajin makarantar Gandi da iyali goma suka kwana a ciki, daga rugar da aka ƙone ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Mu kuma kowane gari ya samu littafi ya rubuta sunayen waɗanda ya rasa, da rana, da wuri, Bahaushe da Bafillace. Abokina ya riga ya fara na ƙauyensu a bayan wata tsohuwar rajistar makaranta, ya ce ya shiga shafi na huɗu.

'Yan Wurno, Rabah, Goronyo, Isa da Sabon Birni da ke nan, wanda ya kalli fim ɗin ya faɗa mana wurin da ya tsaya masa a rai. A yi muhawara da ladabi, ban da zagin ƙabila, duk wanda ya yi zan goge.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya mayar da kowa gonarsa da rugarsa lafiya. Amin.